Addu'ar Biro ta Malam Ishaya

Abubuwa da yawa na aiki sun zube mini daga ka, sunayen yara, fuskokin malaman da suka zo suka tafi, har girke-girken da na daina yi. Amma ranar da Malam Ishaya ya tsaya gaban tiren biro ya ƙi buɗe kwalbar mai, wannan ban manta ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka gaji kicin ɗin nan da tsintsiyoyin nan daga hannuna ba ku same shi ba, sai gutsattsarin labari da kuke ji a bakin waɗanda ba su ma je wurin ba. Ni kuwa tiren a hannuna yake. Ku jawo mini benci. Gwiwoyina sun daina yarda da tsayuwa.

Ban shiga aji ba ko na yini guda. Faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini magana, don bakina bai taɓa neman mai gyara ba. Sunana Rifkatu, amma a makarantar nan ta Unguwar Romi kowa Maman Bitrus yake ce mini, har ita Madam mai makarantar. Da shara na fara, na koma kuku, na gama ina riƙe da kicin da masu shara gaba ɗaya. Duk tukunyar da kuke gani da lotsattsen gindi, ni na san hannun da ya yar da ita.

Domin wanda bai san makarantar kuɗi ba, bari in jera masa yadda take. Madam ce a sama, ita ta gina wurin bayan ta yi ritaya daga aikin gwamnati. Ƙarƙashinta Firinsifal, sai mataimakinsa, sai malamai, sai mu da ba ma taɓa alli. A gefe kuma akwai kwamitin iyayen yara. Cewa ake yi shawara kawai suke bayarwa, amma tunda 'ya'yansu ne abincin makarantar, shawararsu ta fi umarnin Firinsifal nauyi. Shugabansu a lokacin Dattijo Gyang ne, mutumin Filato, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, dattijon ikilisiya, mutumin da ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar sanarwar coci.

Kowace safiya akwai asambile, kuma kafin taken ƙasa ana sujada: waƙa, karatun aya, addu'a. Malamai ke ja bi da bi, kowa da satinsa. Akwai kuma satin diyuti, wato tsare 'yan latti a get, duba banɗaki, da zama har sai an zo an ɗauki yaro na ƙarshe. Ba mai son diyuti. To Malam Ishaya tun zuwansa musanya yake yi: ya ɗauke maka satin diyutinka, kai ka ɗauke masa satin addu'arsa. Malamai har rububinsa suke yi. Kowa ya ɗauka kunyar taro ce. Ni ma haka na ɗauka, da ɗan mamaki dai, don mahaifinsa mai bishara ne a ƙauyenmu ta wajen Zonkwa, kuma a bakin tsohon nan na koyi rabin addu'o'in da na iya.

Siriri ne Malam Ishaya, mai takalmi ƙafa ɗaya da kullum yake sheƙi. Ciki da falo ɗin nan na bayan makaranta, inda kuke ajiye gawayi yanzu, nan yake zaune da matarsa Hannatu da yara biyu, ga na uku a ciki. Ɗakin na aiki ne: kana aiki kana ciki, ka bar aiki ka bar makulli. Lokacin hutun rana yakan zo kicin ya ce, "Mama, akwai ƙanzo?" In kankare masa na gindin shinkafa, ya zauna yana ci yana tsokanata.

Tagar ajin 'yan shekarar ƙarshe tana kallon bayan kicin, inda nake zama ina tsince wake. Darasin mulki yake koyarwa da tarihi, kuma in ya yi ta Turanci ya ga idanun yara sun yi fari, sai ya juye zuwa Hausa. Ta haka na yi nawa karatun, ba ko sisi. Wata rana na ji yana ba su labarin mutanen da suka kafa ƙasar Amurka. Ya ce wasu daga cikin manyansu, ba duka ba, suna da wata irin bangaskiya. Sun yarda akwai Mahalicci, amma a ganinsu ya yi duniya ya ɗora ta a kan ƙa'ida, kamar mai haɗa agogo, sannan ya bar ta tana tafiya. Ba ya zuwa ya juya ƙa'idar don wani ya yi kuka. Wanda yake son ya san shi, ya dubi halitta da hankalin da aka ba shi. Daga nan suka ce, tunda hankalin nan kowa an ba shi, kuma Mahalicci bai ja wani gefe ya raɗa masa sirri a kunne ba, to ba wanda aka haifa don ya mulki wani. Mutane ne za su zauna su yarda da wanda zai riƙe su, kuma gwamnati ba ta da hurumin zaɓa wa mutum yadda zai bauta wa Allah.

Wani yaro ya ce, "Sa, to bayin da ka ce suna da su fa?"

Ya ce, "Yawwa, ka ga hankalin ya yi aiki. Sun faɗi maganar da ta fi su tsawo, suka kasa kai mata. Amma maganar ta zauna, daga baya bayin suka ɗauke ta suka nuna musu."

Wata yarinya ta ce, "Sa, kai ma haka ka yarda?"

Ya ce, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ajiye waken na daɗe ina kallon tagar.

Yanzu addu'ar biro. Kun san ta, tunda har yau ana yi, amma saboda na waje zan faɗa. Juma'ar da za a shiga satin babbar jarrabawa, kowane ɗan shekarar ƙarshe yakan kawo bironsa da fensirinsa da rularsa, ya ɗaure da roba ya liƙa sunansa. Mu a kicin mu wanke manyan tire, mu jera kayan, mu rufe da farin ƙyalle, mu ajiye sabuwar kwalbar man zaitun a kai. A kafa rumfa, iyaye su zo. Fasto baƙo ya yi addu'a, ya shafa wa kayan mai, ya shafa wa goshin yara, kowa ya ɗauki nasa ya tafi da kwanciyar rai. Ni ke riƙe tiren farko. Ba a taɓa ba wata ba, ko da ina zazzaɓi.

A shekarar da nake ba ku labari, farkon damina ne, hadari ya haɗu tun safe. Iyaye sun cika rumfa, an yi waƙa an sake yi, fasto shiru. Can aka zo da saƙo wai motarsa ta maƙale a cunkoson gada. Madam ta dubi sama, ta dubi Firinsifal. Firinsifal ya ce ai doka a fili take, in baƙo bai zo ba mai satin sujada ke tsayawa. Ya duba allo, ya kira sunan da ke kai: Malam Ishaya. Malamar da ta karɓar masa satin kuwa ta tafi asibiti da ɗanta tun asuba. Ba wanda ya tuna da musanyar, don ba a allo ake yin ta ba.

Ya fito a hankali. Ya tsaya a gabana, na ɗaga tiren, na yaye ƙyallen. Ya ɗauki kwalbar ya juya ta a hannu kamar mai duba farashi. Sai ya ce a rufe ido. Abin da ya faɗa ba shi da tsawo, kuma ina iya maimaita shi:

"Mahaliccin sama da ƙasa, mun gode da ranar da take fitowa ba ta makara, da ruwan da yake zuwa a lokacinsa. Mun gode da hankalin da ka sa a kan yaran nan tun ran da ka yi su. Ba mu zo roƙonka ka canja kome ba. Abin da ka bayar ya isa. Saura namu."

Ya mayar da kwalbar a kan tire, ko murfin bai murɗa ba.

Shiru. Irin shirun da har ƙugin hadari kake ji daga wajen Rido. A cikin shirun nan sai ga murya ɗaya ta ce amin da ƙarfi, kuma muryar tawa ce. Duk rumfar ta juyo ta dube ni. 'Yar Dattijo Gyang, wadda take cikin masu jarrabawar, ta fashe da kuka tana cewa ba a shafa wa bironta ba. Madam ta miƙe za ta ɗauko waƙa ta rufe ɓarakar, sai ruwa ya sauko kamar da kwarya, da iska, rumfa ta fara tashi. Kowa ya yi ta kansa. Muka kwashi tirori da gudu muka kai sito. Nan birori suka zauna a rufe, ba mai, ba masu su, don ba yaron da ya yarda ya ɗauki nasa haka.

A ƙa'ida, in malami ya yi laifi kweri ake fara ba shi, wato a tambaye shi a rubuce me ya sa ya yi abin da ya yi, a ba shi lokaci ya amsa, sannan kwamiti ya zauna. To jarrabawa Talata za a fara, don haka aka tsallake wannan duka, aka zauna a ofishin Madam da yammar nan: ita, Firinsifal, da Dattijo Gyang, ga Malam Ishaya a gabansu. Na kai musu shayi zan fita, Dattijo ya ce in tsaya.

"Maman Bitrus, ke da kike gaba-gaba a zumuntar matan coci, me kika ce wa amin?"

Na ce, "Baba, bakina ne. Shekara da shekaru in an gama addu'a shi yake cikewa, bai saba jiran izini ba. Kuma ni ban ji ya zagi Allah ba."

"Bai zage shi ba. Ya dai sallame shi daga aiki." Ya juya wurin Malam Ishaya da ke tsaye. "Malam, ka yarda da Allah?"

"Na yarda, Baba."

"Ka yarda yana jin addu'a?"

"Na yarda ya riga ya ba yaran nan abin da za su ci jarrabawa da shi."

Madam ta ce, "Malam, i ko a'a aka tambaye ka."

Ya ce, "Ma, ba zan iya tsayawa gaban yara in roƙi abin da ban yarda ana bayarwa ta wannan hanya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na koya musu iyakar ƙarfina, sun kuma yi karatu."

Dattijo ya cire tabarau ya ajiye. Kada ku ɗauka mugu ne, ba mugu ba ne. Ya ce, "Yarinyar nan tawa in ta ga takardar jarrabawa hannunta rawa yake yi, har suma ta taɓa yi. Abin da yake tsayar mata da hannun shi ne ta san an yi addu'a a kan biron. Yau ka ƙwace mata shi a gaban jama'a. Kuma ta gaya mini abin da kake koya musu, Allah mai agogo da ya tafi hutu. Mun tsallako da 'ya'yanmu nan ne don makarantar masu bi ce. In Amurka muke so, da biza muka nema."

Malam Ishaya ya ce darasin yana cikin abin da aka ce a koyar, kuma bai taɓa ce wa yaro ya bar coci ba. Firinsifal ya gyaɗa kai, amma a hankali, yadda Dattijo ba zai gani ba.

Hukunci ya fito kafin shayin ya huce. Litinin da safe za a sake tara iyaye. Malam Ishaya da kansa zai yi addu'ar biro yadda ake yin ta, da roƙo, da mai, da sunan Yesu. In ya yi, magana ta mutu. In ya ƙi, ya ajiye alli ya ajiye makullin ɗaki.

Da suka watse, Madam ta riƙe ni. Ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan kwali, ta ce, "Maman Bitrus, ba na son rasa shi. Yaransa ne ke ɗaga sunan makarantar nan kowace shekara. Amma in iyaye suka kwashe 'ya'yansu, da ni da ke da shi duk titi za mu koma. Ke 'yar garinsu ce, kin san ubansa. Je ki yi masa magana irin ta uwa."

Ban ma neme shi ba. Asabar da hantsi ina bayan kicin ina dirzar manyan tukwane da toka, sai ga shi ya zo ya zauna a kan buhun gawayi.

"Mama, an aiko ki."

"An aiko ni. Da ba a aiko ni ba ma, da na zo maka da muciya. Ɗan mai bishara guda, ka tsaya gaban mutane ka ce Allah ya haɗa inji ya tafi?"

"Ban ce ya tafi ba. Na ce ya gama nasa."

"Baban Bitrus a masaƙa ya yi aiki a Kakuri har ƙarfinsa ya ƙare. Waɗanda suka kafa injunan nan su ma sun gama nasu sun tafi. Je ka duba yau, ƙadangaru ne ke shiftin safe da na dare. Abin da aka haɗa aka bari, ka taɓa ganin ya ci gaba da tafiya?"

Ya yi murmushi. "Injin ne ya yi laifi, Mama, ko waɗanda aka bar wa? Ai maganata ke nan. An bar mana masaƙa, an bar mana ƙasa, muka zauna muna azumi a zo a gyara mana. Ƙasar nan tana da wurin ibada a kowane lungu. Wa ya rage bai roƙa ba?"

Na ƙara wa tukunya toka.

Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce, "Kin san a Tudun Wada muke, can tsallaken kogi, kafin rikicin addini, can aka tura babanmu aiki. Waɗanda suka ƙona gidanmu, sunan Allah suke kira. Da muka tsallako kogi, na ga namu sun tare hanya suna tsayar da motoci, su ma sunan Allah suke kira. Ƙanena ya fita sayen burodi ranar. Babanmu ya yi azumi, ya yi kuka, coci duka ta yi. Bai dawo ba. Na zauna na yi ta tunani, Mama. Ko dai Allah yana zaɓen gefen kogi, ko kuwa ya ba mu hankali ya bar abin a hannunmu muka ɓata. Na ɗauki na biyun, don shi ne kaɗai ya hana ni ƙinsa."

Na san labarin ƙanen, amma ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na ce, "Ni ma da ƙunshin kaya a ka na tsallako gadar nan, Bitrus a baya. Kai tunani ya riƙe ka, ni roƙo ya riƙe ni. In ban roƙa ba, da wa zan yi magana da asuba? Da agogo?"

"Ban hana ki ba. Ban taɓa hana kowa ba, shi ya sa nake duba banɗaki da idona sati biyu a madadin ɗaya. Abin da nake so wa ƙasa ke nan: kowa da nasa, kada a danne wuyan wani a ce sai ya faɗa."

"Nan ba ƙasa ba ce, makarantar Madam ce."

Ya yi dariya, ta gajiya.

Na ɗauraye hannu na zauna kusa da shi. Na ce, "Su mutanen naka na Amurka da suka yi wannan dogon tunani, a ɗakin aiki suke zaune?"

"A'a. Yawancinsu masu gonaki ne da gidaje."

"To ka gani. Mai rumbu shi ke gardama da hadari. Kai damina ce a kanka, Hannatu ta kusa, ga yara biyu. Wane mai gida ne a Romi ko Unguwar Television zai ba ka ɗaki ba aiki? Wace makaranta ce a wannan gefen za ta ɗauki malamin da aka kora don ya ƙi addu'a? Kafin ka kai get labarin ya riga ka. Tsallaken kogi kuwa, ka san ba ka da wurin zuwa."

"Kina so in yi ƙarya a gaban Allah, Mama."

"Kai da ka ce ba ya sauraro? To wa zai kama ka?"

Na iya magana, na sani. Ubana ma ya sha cewa da ni namiji ce da ni ke yanke shari'a a ƙofar dagaci. Wannan kuwa ta shige shi, na ga inda ta shiga. Ya sunkuyar da kai yana murza gawayi a yatsa har yatsun suka yi baƙi.

Can ya ce, "Ni zan ji."

Ya tashi ya kakkaɓe wando ya tafi. Bai tambayi ƙanzo ba.

Lahadi bayan sujada Hannatu ta kama mini gefen zane a bakin coci. Ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar take jan silifa. Ta ce, "Mama, tun jiya bai sa kome a baki ba. Na ce masa ni ban san Amurka ba, ɗakin nan na sani. Na yi laifi?" Na ce ba ta yi ba. Har yau haka nake gani.

Litinin gari ya waye tas. Iyaye sun fi na Juma'a yawa, har da waɗanda 'ya'yansu ba sa jarrabawa, sun zo kallo. Muka fito da tirori daga sito, na sa aka goge ƙyallen. Madam tana zaune hannu a ƙirji. Firinsifal ya kira sunansa, ba mu ma san ko zai fito ba.

Ya fito. Ya ɗauki kwalbar ya murɗe murfin da ƙarfi ɗaya. Ya buɗe baki, sai na ji muryar ubansa. Ashe duk yana da su a ciki, kalma da kalma, da inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta. Ya roƙi a buɗe ƙwaƙwalwar yara, ya roƙi a ɗaure ruhun mantuwa da na tsoro, ya roƙi a sa tagomashi a idon masu makin takarda. Ya kira sunan Yesu, rumfa ta amsa, ya sake kira, ta sake amsawa. Mata suka miƙe suna ɗaga hannu. Fasto baƙon ma bai taɓa tayar da wurin haka ba. Ya zuba mai a tafin hannu ya bi birori ɗaya bayan ɗaya, ya bi goshin yara. Da ya zo kan 'yar Dattijo ya daɗe da hannu a goshinta, yarinyar ta sauke numfashi, kafaɗunta suka sauka.

Kowa idonsa a rufe yake ko a sama. Ni da ke riƙe da tire a gabansa, ni kaɗai na ga fuskarsa. Idonsa a buɗe yake tun daga farko har ƙarshe, yana kallon katangar bayan makaranta, kamar mai jiran mota.

Dattijo Gyang ya rungume shi yana cewa ɗan da ya ɓata ya dawo gida. Madam ta sa aka kawo lemo. Yara suka kwashi kayansu suna tsalle.

Ina cikin wanke tirori ya shigo kicin, hannuwansa a gaba suna naso. Ya ce, "Mama, ɗan sabulu." Na ba shi, na zuba masa ruwa. Man zaitun ba ya fita da wuri, sai da ya sa sau da yawa.

Ya ce, "Na ci jarrabawar?"

Na ce, "Ka ci."

"To." Ya yarfe hannu ya koma aji.

Sakamako ya fito kamar na kowace shekara, wasu sun ci, wasu sun faɗi. Hannatu ta haihu a ɗakin nan, namiji. Malam Ishaya ya daɗe a makarantar bayan haka, har ya kai mataimakin Firinsifal kafin ya yi ritaya. Satin addu'arsa shi ke yi da kansa, kuma duk shekara iyaye su ne ke cewa a bar masa ta biro, ba sai an kira baƙo ba. A aji kuwa ya koma karanto littafi yana rubutawa a allo, yara suna kwafa. In yaro ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ta fita gefe, sai ya ce a duba shafi na gaba. Na ci gaba da tsince wake a ƙarƙashin tagar, amma ba abin saurare.

Ba wai ina ba ku labarin nan don in ce na yi kuskure ba. An aike ni, na isar, iyali sun kwana a ƙarƙashin rufi. Gobe aka sake aikena haka zan yi. Kuma har yanzu ban yarda da Allahnsa mai agogo ba. Nawa yana ji, na sha gani.

Abin da na koya dai shi ne, a aikin makaranta, da kowane aikin da ake ci da yardar mutane, ba a cika tambayar abin da ke zuciyarka ba. Abin da zai fito bakinka ranar taro ake so, kuma in ya fito daidai ba mai sake waiwayarka. Iyaye ba mugaye ba ne, tsoro suke ji wa 'ya'yansu. Madam ba muguwa ba ce, tsoron iyaye take ji. Kowa yana riƙe da wuyan na ƙasa da shi a hankali, yana ba shi haƙuri. Wata rana ku ma za a aike ku wurin wani ku lanƙwasa shi, don an san ku da shi akwai shaƙuwa. Za ku iya, ba wuya, yunwa tana bayanku tana taya ku turawa. Masu iya magana sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi ka tashi da tsawonka. Na faɗa wa ma'aikata da yawa wannan karin maganar, kuma sau da yawa gaskiya ce. Amma ku riƙa duba mutum kafin ku faɗa masa. Na ga wanda ya durƙusa sau ɗaya, ya tashi, ya yi shekaru yana tafiya a gabana, tsawon bai dawo ba.